HAKATON DA ZAMAN "INA AKA KWANA?": TARIHIN MAI RIƘE DA BIRO

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Yanzu da wuya wata ya wuce ba ka ga sanarwar hakaton ba. Yau banki ne ya shirya, gobe wata hukuma, jibi wata ƙungiyar ƙasar waje. A tara matasa a babban ɗaki, kowa da kwamfutarsa, a ba su awa 48 su fito da manhajar da za ta magance wata matsala ta noma ko lafiya ko kuɗi. Ranar rufewa a yi jawabi, a ɗaga ƙaton cek na kwali, a ɗauki hoto, a watse. To bayan wata shida ka je ka tambaya: ayari nawa suka shiga, me kowanne ya gwada, ina ya tsaya, me ya tsayar da shi? Sau da yawa abin da za a iya nuna maka hoton nan ne kawai.

Ga wanda kalmar ta zo masa baƙuwa, hakaton haɗin kalmomi biyu ne na Turanci, ɗaya tana nufin harhaɗa manhaja cikin dabara, ɗaya kuma gudun yada-ƙanin-wani. A Hausance dai gayya ce: a taru a kan aiki ɗaya, a yi shi ba dare ba rana, a gama a ɗan lokaci. A cikin kwanakin nan akwai wasu lokuta da ake tsayawa, wataƙila duk bayan awa huɗu ko shida, ayari ya haɗu, ko ya zo gaban jagoran da aka ba shi, a faɗi abin da aka yi da abin da ya rage da abin da ya toshe. Ni ina ce masa zaman ina-aka-kwana. Yawancin matasanmu suna yin wannan zama, amma a baki yake ƙarewa. In ka ce a rubuta, sai a ce ai babu lokaci, ai wannan aikin 'yan ofis ne.

Na bi tarihin abin, kuma tarihin bai goyi bayan wannan magana ba. Mutanen da suka kafa wannan sana'a sun fi kowa ƙin doguwar takarda, amma a duk aikin gaggawar da suka yi wanda ya ɗore, za ka tarar akwai wani a gefe riƙe da biro.

Mu fara daga 1947. A jami'ar Harvard ta Amurka akwai wata ƙatuwar na'urar lissafi mai suna Mark II, kakar kwamfutocin yau. Masu kula da ita, ayarin da Grace Hopper take ciki, suna da littafin aiki: duk abin da aka gwada sai a rubuta lokaci da sakamako. Ranar 9 ga Satumba, da ƙarfe 3:45 na rana, suka gano abin da ya hana na'urar aiki, wani ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi ya maƙale a ciki. Suka ciro shi, suka manna shi da salatif a shafin ranar, suka rubuta lokaci da wurin da aka same shi. Dama can injiniyoyi suna kiran matsalar na'ura "ƙwaro" a yarensu, don haka abin ya zama raha. Wannan shafi yana nan har yau a hannun gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Darasin ba a ƙwaron yake ba. Wanda ya karɓi aiki da dare ba ya bukatar ya tashi kowa daga barci, littafin zai gaya masa inda aka kwana.

Sai kuma Wernher von Braun, Bajamushen da ya ƙera wa gwamnatin Hitler rokar V-2, wadda aka yi da gumin fursunonin da aka tilasta wa aiki, dubbai suka mutu a wajen. Wannan tabo ne da ba ya gogewa a tarihinsa. Bayan yaƙi Amurka ta ɗauke shi, kuma daga 1960 zuwa 1970 shi ne shugaban cibiyar Marshall ta hukumar NASA a garin Huntsville, inda aka tsara rokar Saturn V da ta kai mutum duniyar wata a 1969. Dubban ma'aikata ne a ƙarƙashinsa, ga wa'adin da Shugaba Kennedy ya ɗibar musu, ga shi kuma kullum yana kan hanya. Ta yaya zai san abin da ke faruwa a kowane sashe?

Dabarar da ya yi ita ce abin da aka sani da Takardun Litinin. Kowace Litinin, shugabannin sassa da manajojin ayyuka, su wajen ashirin da wani abu, kowa zai kawo shafi ɗaya tak: me aka ci gaba da shi a makon da ya wuce, wace matsala aka ci karo da ita. Babu fom, babu doguwar gaisuwa, suna da kwanan wata ne kawai a sama. Von Braun zai karanta duka, ya yi rubutu da hannunsa a gefen kowace takarda, nan tambaya, nan yabo, nan umarnin wane ya je ya ga wane. Sannan a yi kwafin dukkan takardun tare da rubutun nasa, a raba wa duk waɗanda suka rubuto. Ka ga ke nan mai aikin inji yana ganin matsalar mai aikin lantarki, yana kuma ganin abin da shugaba ya ce a kai. Saboda shugaban sashe ba ya son ya rubuta abin da bai tabbatar ba, sai wasunsu suka riƙa karɓar irin wannan takarda daga na ƙasa da su tun ranar Juma'a. Kafin ka ce me, duk cibiyar tana tsayawa sau ɗaya a mako ta yi waiwaye. Waiwaye kuwa adon tafiya ne.

Wani malamin jami'a mai suna Phillip Tompkins ya je cibiyar a 1967 ya yi nazarin wannan tsari. Da ya koma bayan hatsarin kumbon Challenger na 1986, wanda ya ci rayukan mutum 7, abin da ya tarar shi ne takardun sun rasa ransu, sun koma aikin cika ƙa'ida, ma'aikata kuma suna shakkar kai mummunan labari sama. Mu ma'aikatan gwamnati wannan ba baƙon labari ba ne a wajenmu. Rahoton da ba wanda zai karanta ya mayar da amsa, a hankali yakan koma "komai lafiya, aiki na tafiya yadda ya kamata".

Yanzu ga wanda ya fi shafar mu kai tsaye, domin ba don shi ba da ba ku karanta wannan rubutu a waya ba. A 1968 gwamnatin Amurka tana shirin haɗa kwamfutocin cibiyoyi huɗu da waya: jami'ar UCLA a Los Angeles, cibiyar bincike ta SRI, jami'ar Santa Barbara, da jami'ar Utah. Shi ne ARPANET, tushen intanet. Matasa daga waɗannan wurare, yawancinsu ɗaliban digiri na biyu da na uku, suka fara haɗuwa lokaci-lokaci suna tattauna yadda na'urorin za su riƙa magana da juna. Ba wanda ya naɗa su, har suna zaton wata rana manya za su zo su karɓe aikin. Da aka ga maganganu suna yawa, ɗaya daga cikinsu, Steve Crocker, ya ɗauki nauyin rubuta su.

Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya daɗe yana jan ƙafa, don tsoron kada manya su ga kamar yara suna kafa musu doka. A ƙarshe cikin dare ya shiga banɗaki, don kada ya tashi mutanen gidan da yake zaune, ya rubuta ƙa'idojin. Ya sa wa takardun suna mai tawali'u, wanda ma'anarsa ita ce neman jin ra'ayi, a taƙaice RFC. Ta farko ta fito ranar 7 ga Afrilu 1969. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowa yana iya rubutawa, ko jimla ɗaya ce, ko tambaya ce da ba ta da amsa tukuna, ba sai an goge Turanci ba, a sa lamba da suna da kwanan wata, a raba wa kowa. Yau waɗannan takardu sun haura 9,000, kuma a cikinsu ne aka rubuta dokokin da imel da shafukan intanet ke tafiya a kai. Wani abokin aikinsa, Jon Postel, ya riƙe aikin tace su da adana su har ya rasu a 1998. Ku duba fa, bayanan zaman ɗalibai ne suka zama kundin tsarin intanet.

A wannan shekarar dai, ranar 29 ga Oktoba da dare, wani ɗalibi mai suna Charley Kline yana zaune a ɗakin gwaji na Farfesa Leonard Kleinrock a UCLA, yana ƙoƙarin shiga kwamfutar SRI da ke nesa da shi da fiye da kilomita 500, Bill Duvall yana can ɗaya ɓangaren suna magana ta tarho. Ya buga harafin L ya isa, ya buga O ya isa, kafin na uku na'urar can ta tsaya cak. Aka gyara, aka sake gwadawa, ya yi. Babu ɗan jarida a wajen, babu mai hoto, babu jawabin babban baƙo. Shaidar da ta rage a duniya ta wannan dare ita ce ɗan rubutun da Kline ya yi a littafin aikin ɗakin: kwanan wata, ƙarfe 10:30 na dare, an yi magana da SRI, sai haruffan sunansa. Rubutun da bai ɗauke shi minti ɗaya ba, shi ake nunawa yau in ana maganar ranar haihuwar intanet. Mu kuwa muna da hoto ɗari, ba mu da layi ɗaya.

Wata shida bayan haka, a Afrilun 1970, aka yi abin da ni a ganina ya fi kowace gasa kama da hakaton, sai dai wannan rai ne a kan layi. Kumbon Apollo 13 yana kan hanyar zuwa wata, tankin iskar oksijin ya fashe. 'Yan sama jannati uku, Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise, suka koma cikin ƙaramin kumbon sauka, wanda aka yi don mutum biyu na kamar kwana biyu, ga shi zai ɗauki mutum uku na kwana huɗu. Iskar da suke fitarwa in sun yi numfashi ta fara taruwa, za ta iya kashe su. Matatun iskar da suke da su da yawa masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye ne. A ƙasa, a Houston, ayarin Ed Smylie ya tattara irin kayan da ke cikin kumbon, leda da kwali da tiyo da salatif, suka haɗa abin da zai yi aiki.

To amma haɗawa a Houston ba ta ceci kowa ba. Babu hanyar tura hoto. Dole aka zauna aka rubuta mataki-mataki, aka karanta musu ta rediyo, suka bi suka haɗa nasu. Haka jerin matakan sake kunna babban kumbo kafin shigowa duniya, an shafe kusan awa biyu ana karanta wa Swigert yana rubutawa da hannu. A ɗakin kula da tafiyar kuma ayari huɗu ne ke karɓa-karɓa, ƙarƙashin Gene Kranz da Glynn Lunney da Gerry Griffin da Milt Windler, kowane mai tebur yana da littafin da yake rubuta abin da ya faru da lokacinsa, wanda zai karɓe shi ya karanta kafin ya zauna. Ranar 17 ga Afrilu suka sauka lafiya a teku. In akwai waɗanda suka cancanci su ce ba su da lokacin rubutu, su ne. Amma sun san gajiyayyen mutum da bai yi barci ba, ƙwaƙwalwarsa ba abin dogaro ba ce. Ɗan hakaton a awa ta 30 ma haka yake.

To shi zaman ina-aka-kwana na tsaye, wanda matasa ke yi yanzu, daga ina ya fito? A 1986 wasu malamai biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka buga nazari a mujallar Harvard Business Review kan yadda kamfanoni irin su Honda da Canon da Fuji-Xerox ke fito da sabon kaya da sauri. Suka kwatanta ayarin da 'yan wasan rugbi masu tafiya a dunƙule suna miƙa wa juna ƙwallo. Daga nan Jeff Sutherland ya aro sunan Scrum ya fara gwada tsarin a kamfanin Easel a 1993. Ya kuma karanta nazarin da Jim Coplien ya yi kan wani ƙaramin ayari a kamfanin Borland, masu haɗa manhajar Quattro Pro, waɗanda sirrin saurinsu shi ne haɗuwa kullum. A 1995 shi da Ken Schwaber suka gabatar da tsarin a wani taro a Austin ta jihar Texas. Zaman kullum minti 15 ne, kuma al'ada ta zama a yi shi a tsaye don kada wani ya miƙe ƙafa ya fara dogon Turanci. Tambayoyi uku ne: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya?

A Fabrairun 2001 mutum 17 daga cikin masu irin wannan tunani suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah, suka fitar da wata 'yar gajeriyar sanarwa da aka sani da Agile. Ɗaya daga cikin abubuwa huɗun da suka faɗa shi ne manhajar da ke aiki ta fi musu tulin takardu daraja. Nan ne aka samo rashin fahimtar da ta biyo mu har yau. Mutane suka riƙe wannan, suka manta cewa a ƙasan sanarwar sun ce takardun ma suna da darajarsu. Abin da suke yaƙa shi ne kundi mai shafi ɗaruruwa da ake shekara ana rubutawa kafin a taɓa aiki. Kuma ayarin Scrum na gaskiya yana da allo a bango, kowane aiki da 'yar takardarsa, ana matsar da ita daga "ba a fara ba" zuwa "ana kai" zuwa "an gama". Allon nan shi ne rahoton zaman. A Nuwamban 2020 ma an cire tambayoyi ukun nan daga jagoran Scrum, aka bar wa kowane ayari ya tsara zamansa, domin a wurare da yawa sun koma karatun haddar da ake yi wa oga.

Ita kalmar hakaton kanta a 1999 ta bayyana, a wuri biyu cikin wata guda. Ranar 4 ga Yuni mutum 10 masu haɗa manhajar OpenBSD suka taru a Calgary ta ƙasar Kanada, garin da jagoransu Theo de Raadt yake zaune. Dalilin zaɓen Kanada shi ne a lokacin dokar Amurka ta takura fitar da fasahar kulle bayanai zuwa waje, aikin da suka taru a kai kuwa ya shafi wannan fasaha. Bayan kwana goma sha ɗaya, a taron JavaOne na kamfanin Sun a San Francisco, John Gage ya ƙalubalanci mahalarta su rubuta manhajar da za ta sa 'yar na'urar hannu ta Palm V ta yi magana da 'yar uwarta, aka kira wannan ma hakaton.

'Yan OpenBSD sun shahara da ƙin surutu, takensu ma shi ne a yi shiru a yi aiki. Babu jawabi a taronsu, babu cek na kwali. Amma duk gyaran da mutum ya shigar a manhajar sai ya bi shi da ɗan bayani: me ya canza, me ya sa, wa ya duba ya amince. Na'ura ta sa suna da lokaci. Tun kafin 1999 sun buɗe wannan rumbu kowa a duniya yana iya karantawa, kuma suna cikin na farko da suka yi haka. Suna da jerin duk hakaton da suka yi tun daga na Calgary, da gari da kwanan wata da yawan mahalarta, kuma bayan taro da dama daga cikinsu sukan rubuta ɗan rahoton abin da suka yi da wanda bai yiwu ba. Shi ya sa bayan fiye da shekara 25 za ka iya bin sawun aikin da aka yi a waɗancan kwanaki. Ashe hakaton na farko ma da littafinsa aka haife shi.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Maɓallin "Like" ɗin nan da kuke dannawa, an fara haɗa shi ne a wani hakaton na cikin gida a Facebook a watan Yulin 2007, da wani suna daban. Mark Zuckerberg bai amince da shi nan take ba, sai a Fabrairun 2009 aka sake shi. A tsakanin nan, a Oktoban 2007, wani ƙaramin kamfani mai suna FriendFeed ya fito da irinsa. Da gardama ta tashi kan wa ya kwaikwayi wa, abin da ɗaya daga cikin injiniyoyin Facebook, Andrew Bosworth, ya fito da shi jerin kwanan wata ne, mataki bayan mataki, da sunayen waɗanda suka yi aikin. Ka kwatanta da yaranmu biyar da suka haɗu ranar Juma'a ba su san juna ba, suka ci kyauta ranar Lahadi. Ranar da mai zuba jari ya zo, wa ya kawo tunanin, wa ya rubuta me, wa ya tafi gida tun daren farko? In babu rubutu, mai ƙarfin baki ne zai ci, zumunci kuma ya lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shekarar 2020 ce ta fito da abin fili. Korona ta rufe duniya, babu damar taruwa a ɗaki ɗaya. Ƙasar Estoniya ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 12 ga Maris, washegari ƙungiyoyin Garage48 da Accelerate Estonia suka buɗe hakaton ta intanet, daga 13 zuwa 15 ga wata, mutum sama da 1,000 suka shiga. Daga cikinsa aka samu Suve, manhajar da ke amsa tambayoyin jama'a kan cutar, wadda hukumomin ƙasar suka ɗora a shafukansu. Mako guda bayan haka, daga 20 zuwa 22 ga Maris, gwamnatin Jamus ta mara wa WirVsVirus baya, inda mutum kusan 28,000 suka yi aiki cikin awa 48, aka fito da ayyuka wajen 1,500. A irin wannan taro jagora ba zai iya zagayawa ya leƙa kafaɗar kowa ba. Abin da ayari ya rubuta a zaurensa na Slack da shafin aikinsa, shi ne kaɗai shaidar cewa yana raye. Da wannan rubutu da ɗan bidiyon da kowa ya tura aka tace aka zaɓi 20, sannan aka ci gaba da tallafa wa fiye da 100 na tsawon watanni bayan gasar. Ba za ka iya tallafa wa aikin da ba ka san inda ya tsaya ba.

Mu dawo gida. A 2011 cibiyar Co-Creation Hub ta Legas, wadda Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa, ta shirya gasar fasaha kan harkar mulki. Daga nan BudgIT ta fito, ta Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade, wadda ke warware kasafin kuɗi yadda talaka zai gane, daga baya kuma ta kawo Tracka mai bin sawun ayyukan mazaɓu. Abin lura, duk aikin BudgIT a kan rubutaccen bayani ya tsaya, abin da gwamnati ba ta rubuta ba su ma ba za su iya bi ba. Tun daga lokacin abin ya yaɗu: Babban Bankin Najeriya ya yi hakaton na eNaira a 2022, cibiyoyin matasa sun buɗe a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, shi kansa Bosun Tijani a 2023 aka naɗa shi ministan sadarwa da tattalin arzikin dijital. Wato yanzu kuɗin jama'a yana shiga wannan harka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuwa ta wajabta wa kowace hukumar gwamnati ta rubuta ta adana bayanan ayyukanta, ta kuma amsa wa mai tambaya cikin kwana 7. Hakaton da aka yi da kuɗin gwamnati aikin gwamnati ne.

Abin dariya, mu da yaran nan cuta ɗaya ke damun mu, kowa ta fuskarsa. Mu a ofis sai a yi zaman awa uku, sakatare ya kawo rahoto mai shafi goma bayan mako uku, cike da "shugaba ya yi wa mahalarta barka da zuwa", ka neme wanda aka ɗora wa aiki da ranar da zai kawo ka rasa. Su kuma sun ga irin namu sun tsorata, sun ce ba za su rubuta komai ba. Abin da tarihin nan ya nuna yana tsakiya.

In ka tattara littafin Harvard da Takardun Litinin da RFC da rumbun OpenBSD, siffofinsu ɗaya ne. Gajeru ne. A lokacin ake rubuta su, ba bayan an watse ba. Akwai lokaci da suna. Ana faɗin abin da ya ƙi, ba wanda ya yi kaɗai ba. Kowa a ayarin yana iya gani. Sannan akwai wani babba da ke karantawa ya amsa.

Don haka ga ayarin da zai shiga hakaton, tun ran gini ran zane. Kafin a buɗe kwamfuta a buɗe shafi ɗaya da kowa zai iya shiga, ko littafin makaranta ne ma ya isa in wuta da data za su ba da matsala. A rubuta sunan kowa da abin da ya zo da shi daga gida, tunani ne ko tsohuwar manhaja. Duk zaman ina-aka-kwana mutum ɗaya ya riƙe biro, a riƙa karɓa-karɓa, kada a mayar da mace ɗaya tilo ta ayarin sakatariya alhali ita ma aiki ta zo yi. Layi biyar sun isa: ƙarfe nawa, me aka gama, me ya toshe, wace shawara aka yanke kuma don me, wa zai yi me kafin zama na gaba. Wannan "don me" ɗin shi ne zinariyar. Ƙarfe uku na dare wani zai farka ya ce me ya sa muka bar waccan hanya, a sake gardamar da aka gama tun la'asar. In a rubuce yake, sai a nuna masa kawai a ci gaba.

Ga jagorori kuma, ku yi irin na von Braun, ku bar rubutunku a gefe, ko kalma uku ce. Yaron da ya ga an karanta abin da ya rubuta, a zama na gaba gaskiya zai rubuta. Masu shiryawa su kuma su tattara waɗannan shafuka a ƙarshe, na waɗanda suka ci da na waɗanda suka faɗi, da izinin masu su. In ayari goma sha biyar cikin ashirin sun rubuta cewa rashin samun bayanai daga wata hukuma ne ya tsayar da su, to wannan shi ne babban sakamakon gasar, ya ma fi manhajar da ta zo ta ɗaya amfani ga mai tsara manufa. In ba a adana ba, baɗi wasu yaran za su zo su faɗa ramin da na bana suka faɗa, a sake ɗaga cek, a sake ɗaukar hoto.

Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan gasa a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Yamai, ina son jin ta bakinku: an taɓa neman ku rubuta inda kuka kwana? In an nema, wa ya karanta, kuma ina takardun suke yanzu?